Likitan da ba ya alkawarin warkarwa: tarihin jinyar sassauci daga Landan zuwa gundumomin Yuganda

A harshen Hausa magani daban, jinya daban. Mai magani yana zuwa ne da niyyar korar cuta, in ya ga ta fi ƙarfinsa ya naɗe tabarmarsa. Mai jinya kuwa shi ne wanda ke kwana a gindin gado, yana juya marar lafiya, yana jiƙa masa leɓe, ko da kowa ya san ciwon ba na tashi ba ne. Likitancin zamani, a tsawon rabin farko na ƙarni na 20, ya ɗauki aikin magani ya mai da shi ilimi mai daraja, ya bar jinyar wanda ba zai warke ba a hannun mata da masu ibada. Da aka samu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, aka ƙware wajen tiyata, sai mutuwar majinyaci ta zama kamar abin kunya ga likita. A manyan asibitocin Turai na wancan lokaci, wanda sankara ta ci ƙarfinsa akan tura gadonsa can ƙarshen ɗaki, ayarin likitoci masu zagayen safe su wuce shi da sauri. Reshen likitanci da ake kira a faransanci soins palliatifs, wanda za a iya kira jinyar sassauci, ya taso ne daga wannan gadon na ƙarshen ɗaki.

Gidajen da ke karɓar masu jiran ajali sun girmi reshen da kansa. A birnin Lyon na Faransa, wata bazawara mai suna Jeanne Garnier, wadda ta rasa mijinta da ƴaƴanta biyu tun tana da ƙuruciya, ta kafa ƙungiyar zawarawa a 1842 domin kula da matan da asibiti ya sallama saboda ciwonsu ba ya jin magani. A Dublin ma wasu mata masu zaman ibada sun buɗe irin wannan gida a 1879. Akwai tausayi a waɗannan gidaje, akwai tsabta da addu'a, amma likita baƙo ne a cikinsu, kuma babu wanda ya ɗauki raɗaɗin mai mutuwa a matsayin abin da ya cancanci bincike.

Wadda ta sauya wannan hali ita ce Cicely Saunders, ƴar Ingila, haihuwar 1918. Ta fara da aikin jinya lokacin yaƙin duniya na biyu, ciwon baya ya raba ta da shi, ta koma ma'aikaciyar jin daɗin marasa lafiya a asibiti. A 1948 ta yi jinyar wani Bayahude ɗan gudun hijira daga Poland, David Tasma, wanda sankara ta kama yana da shekara 40, ba dangi kusa. Sun yi ta tattaunawa a kan irin gidan da ya kamata mutum ya ƙare kwanakinsa a ciki, kuma da ya rasu ya bar mata fam 500 domin wannan gida. Wani likitan tiyata da take aiki da shi ya faɗa mata gaskiya: muddin ba likita ba ce, likitoci ba za su saurare ta ba. Sai ta koma makarantar likitanci tana da shekara 33, ta gama a 1957, ta kama aiki a gidan jinya na St Joseph da ke gabashin Landan a 1958.

Abin da ta tabbatar a can yana da sauƙin faɗi, shi ya sa ake mamakin yadda ya ɗauki duniya dogon lokaci. Morfin ba sabon abu ba ne. Wani mai haɗa magani Bajamushe, Friedrich Sertürner, ya tace shi daga ofiyom tun farkon ƙarni na 19. Amma al'adar asibiti ita ce a jira har majinyaci ya yi kuka, sannan a yi masa allura, ya yi barci kamar matacce, ya farka cikin azaba, ya sake roƙo. Saunders ta nuna cewa in aka ba da morfin ta baki, a kan ƙa'ida, kowace awa huɗu, tun kafin raɗaɗin ya dawo, kuma aka daidaita awon da jikin kowane mutum, to majinyaci yakan zauna a farke, da hankalinsa, yana hira da iyalinsa. Ta rubuta bayanan majinyata fiye da 1,000, ta naɗi muryoyin wasu a kaset, domin kada a ce tausayin mace ne kawai ke magana. Daga waɗannan hirarraki ta fitar da ra'ayin da ya zama ginshiƙin reshen: cewa zafin mai mutuwa dunƙulalle ne, akwai na jiki, akwai na zuciya, akwai na tunanin wanda zai ciyar da yara, akwai na tsoron gamuwa da Mahalicci, kuma likitan da ya kashe na farko ya ƙyale sauran bai gama aikinsa ba.

A 1967 ta buɗe gidan St Christopher a kudancin Landan, mai gado 54, inda aka haɗa jinya da koyarwa da bincike. Bayan shekara biyu, a 1969, aka fara tura ma'aikata gidajen mutane. Wannan mataki na biyu ba a cika ambatonsa ba, alhali shi ne ya buɗe hanyar duk abin da ya biyo baya a ƙasashen da ba su da kuɗin gina gidaje irin na Landan.

Sunan reshen kuwa harshen faransanci ne ya haddasa shi. Balfour Mount, likitan tiyata a Montreal ta Kanada, ya ziyarci St Christopher a 1973, ya koma da niyyar buɗe irin wannan sashe a cikin asibitin Royal Victoria. Sai dai a kunnen masu jin faransanci kalmar hospice tana nufin gidan ajiye tsofaffi da gajiyayyu, wurin da babu mai son a kai uwarsa. Sai ya ɗauko kalma daga latin, pallium, wato mayafi ko alkyabba, abin da ake lulluɓa wa mutum. An buɗe sashen a 1975. Faransa ta bi sahu a makare: sashenta na farko ya buɗe a Paris a 1987 ƙarƙashin likita Maurice Abiven, kuma sai a watan Yuni na 1999 doka ta mai da wannan jinya haƙƙin kowane marar lafiya. A 1987 ɗin ne Ingila ta amince da jinyar sassauci a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa, da shekarun horo da jarrabawa kamar na likitan zuciya ko na yara. Shekara guda kafin haka, a 1986, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarinta mai hawa uku na maganin raɗaɗin sankara: a fara da irin su parasetamol, in bai isa ba a hau zuwa irin su kodin, in ya ƙi a hau zuwa morfin.

To amma ƙwararren likita a Landan yana da asibiti a bayansa, da ɗakin magani cike, da motar ɗaukar marasa lafiya. Tambayar da ta rage ita ce: mene ne aikin irin wannan likita a jahar da mutum zai yi tafiyar yini kafin ya ga likita ko wane iri? Amsa mafi bayyana a Afirka daga Yuganda ta fito.

Ba Yuganda ce ta fara ba. An kafa Island Hospice a Harare ta Zimbabwe tun 1979, Afirka ta Kudu ma ta samu nata gidaje a shekarun 1980, Nairobi ta samu a 1990. Likitar farko ta gidan Nairobi ita ce Anne Merriman, haihuwar Liverpool a 1935, wadda ta karanci likitanci a Dublin, ta yi shekaru tana aiki a asibitocin mishan na kudu maso gabashin Nijeriya, daga baya ta ƙware a likitancin tsofaffi, ta koyar a Malesiya da Singafo. A Singafo ne, tare da masu haɗa magani, ta daidaita wani haɗi mai arha: garin morfin, ruwa, da ɗan sinadarin hana lalacewa. Wata maƙala da ta rubuta daga Nairobi ta jawo mata wasiƙu daga ƙasashen Afirka da dama, kowa na tambayar yadda zai yi irin wannan aiki. Sai ta yanke shawarar kafa abin koyi a ƙasa guda, ta zaɓi Yuganda a 1993.

Yugandar wancan lokaci ta fito daga shekarun mulkin Idi Amin da yaƙin basasa, kuma cutar sida tana cin ƙauyuka, babu maganin rage kaifinta da talaka zai iya saye. Asibitoci suna sallamar mutane su je gida su mutu, da parasetamol in an samu. Merriman ta gindaya sharaɗi guda kafin ta fara: sai gwamnati ta yarda a shigo da garin morfin. Ministan kiwon lafiya na lokacin, likita James Makumbi, ya amince. Aka fara aiki a wani ƙaramin gida mai ɗaki biyu da asibitin Nsambya ya ba da aro a Kampala, da ma'aikata ƙalilan da kuɗin da bai wuce na wata uku ba. A ɗakin girki ake auna garin, a dama, a zuba cikin gorunan roba na ruwan sha da aka wanke. Daga baya aka riƙa sa masa launi irin na kek domin bambanta ƙarfi, kore ga mai sauƙi, ja-ja ga mai ƙarfi, yadda tsohuwar da ba ta taɓa shiga makaranta ba za ta gane wanda ke hannunta.

Tun farko aka yanke cewa Hospice Africa Uganda ba zai zama gidan kwantar da mutane ba. Gado yana cin kuɗi, kuma mafi yawan mutane sun fi son ajali ya same su a ɗakinsu, kusa da inda za a binne su. Saboda haka aikin ya zama na hanya: mota ta fita da safe da ma'aikaciyar jinya da akwatin magani, ta zagaya gidaje a kewayen kilomita 20, wani lokaci a tsaya gindin bishiya a bakin titi inda aka yi alkawari da majinyata na nesa. A 1998 aka buɗe rassa biyu a cikin ƙasa, ɗaya a Mbarara, kudu maso yamma, inda akwai makarantar likitanci, ɗaya a Hoima, wajen tafkin Albert, yankin da ke fama da talauci.

A nan ne siffar aikin ƙwararren likita na jaha ta fito sarai, kuma ta sha bamban da abin da ɗalibin likitanci ke mafarki. Ba ya yanka, ba ya da na'ura. Iliminsa yana cikin ƙananan abubuwa masu yawa: ya bambanta raɗaɗin ƙashi da na jijiya, domin na jijiya ba ya jin morfin sosai sai an haɗa da wani magani; ya san cewa duk wanda aka ɗora a kan morfin cikinsa zai ɗaure, don haka a ba shi maganin sakin ciki tun ranar farko (a Yuganda busassun ƴaƴan gwanda da aka daka sun yi wannan aiki inda babu kuɗin saye); ya san cewa gyambon sankara mai wari, wanda ke korar ƴaƴa daga ɗakin uwarsu, ana kashe warinsa da ƙwayar metronidazol da aka niƙa aka barbaɗa. Wannan na ƙarshe ba ya ƙara wa mace kwana ko ɗaya, amma yana mayar da ita cikin mutane, ta ci abinci tare da su. Sannan akwai magana, wadda ita ce mafi wuya. Tsarin Ingila ya ginu a kan cewa marar lafiya shi ke da haƙƙin jin gaskiyar ciwonsa, shi kaɗai in ya so. A ƙauyen Afirka kuwa dangi sukan tare likita a ƙofar gida su roƙe shi kada ya faɗa, ga kuma ƙani yana shirin sayar da gona domin a kai yayansa wani asibiti na nesa inda ba abin da za a ƙara masa. Likitan da ya yi shiru ya bar gonar ta tafi. Wanda ya yi gaggawar magana ya rasa amincewar gidan. Babu littafin da ya warware wannan, sai zama da sauraro da sanin wanda ake jin maganarsa a gidan.

Duk da haka, lissafi ya nuna cewa ko likitan ya ƙware kamar me, ba zai isa ba. Dokar Yuganda, kamar ta mafi yawan ƙasashe, ta ce likita ne kaɗai ke rubuta takardar morfin, alhali likitocin sun taru a Kampala da manyan garuruwa. Garin morfin yana cikin ƙasa, amma alƙalamin da zai sake shi yana nesa da mai ciwo. Kuma likitocin da kansu suna tsoronsa: an koya musu a makaranta cewa yana sa maye, yana tsai da numfashi, kuma tun yarjejeniyar duniya ta 1961 kan miyagun ƙwayoyi, hukumomi sun fi mai da hankali ga hana shi fita da tabbatar da ya kai ga mai buƙata, duk da cewa yarjejeniyar ta ambaci abubuwan biyu. Wani dattijon likita ɗan ƙasar, Jack Jagwe, ya ɗauki nauyin wannan gwagwarmaya, yana bin ofisoshi da gundumomi, yana zama da jami'an lafiya da ƴan sanda da masu ɗakunan magani. Gwamnati ta sa jinyar sassauci cikin tsarinta na kiwon lafiya na shekara biyar da ya fara a 2000, sannan a 2004 aka gyara doka: ma'aikatan jinya da mataimakan likita da suka yi horo na musamman na wata tara suna iya rubuta morfin da hannunsu. Yuganda ce ta fara yin haka a Afirka.

Wannan gyara shi ne babban abin da ya faru a tarihin, ya fi buɗe kowane gini. Ba kasafai masu wata sana'a ke yaƙi domin a raba ikonsu da na ƙasa da su ba, kuma likitanci sana'a ce mai kishin alƙalaminta. Bayan 2004 aikin ƙwararren ya koma na malami da mai duba aiki: ya horar, ya zagaya gundumomi ya duba littafin lissafin magani, ya amsa waya sa'ad da ma'aikaciyar jinya ta gamu da ciwon da ya gagare ta, ya karɓi majinyata ƙalilan masu wuyar sha'ani. Ya kamata a faɗi kuma cewa labarin, kamar yadda jaridun Turai suka saba ba da shi, yakan tsaya a kan Baturiya guda, alhali ƙafafun da suka taka hanyoyin na ƴan ƙasa ne, irin su Rose Kiwanuka, ma'aikaciyar jinya ta farko ƴar Yuganda a wannan fanni, wadda daga baya ta jagoranci ƙungiyar jinyar sassauci ta ƙasar, da ɗaruruwan masu sa kai na ƙauyuka da ke nuna gidan da wani ke kwance ba a sani ba. Irin wannan darasi ne jahar Kerala ta Indiya ta koya a nata ɓangare, inda likitoci M. R. Rajagopal da Suresh Kumar suka fara a Calicut a 1993, aikin bai bazu ba sai da aka miƙa shi ga ƙungiyoyin unguwa.

Ba a rasa tuntuɓe ba. Morfin ya yanke a ƙasar wajen 2010, majinyatan da suka saba barci suka koma kuka, abin da ya sa a 2011 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da Hospice Africa Uganda: shi ke haɗa ruwan morfin na ƙasa baki ɗaya, rumbun magunguna na gwamnati ya rarraba, majinyaci ya karɓa kyauta. A 2016 na'urar gashin sankara guda ɗaya tak da ƙasar ke da ita, a asibitin Mulago, ta lalace, ba a samu madadinta ba sai 2018. A tsakanin nan, gorar morfin ita ce kusan abin da ya rage wa dubban mutane. Wannan yana tuna wani zargi da ba a gama amsa shi ba: cewa jinyar sassauci a ƙasar talakawa tana iya zama mayafin da gwamnati ke rufe gazawarta da shi, a sassauta wa mace mutuwar sankarar mahaifa wadda da an gano ta da wuri da ta warke. Masu aikin sukan amsa cewa wanda ke cikin azaba yau ba zai jira a gyara asibitoci ba. Amsar gaskiya ce, zargin ma gaskiya ne. Kuma bayan duk wannan ƙoƙari, ƙididdigar da ƙungiyoyin ƙasar suka riƙa bayarwa a shekarun 2010 ta nuna kimanin mutum ɗaya cikin goma na masu buƙata ne ke samun kulawar.

A matakin duniya, babban taron Hukumar Lafiya ya zartar da ƙuduri a 2014 yana kiran ƙasashe su sa jinyar sassauci cikin kiwon lafiya na yau da kullum. Rahoton kwamitin mujallar Lancet na 2017 ya auna nisan da ya rage: mutum miliyon 61 ne suka yi fama da matsananciyar wahalar ciwo a 2015, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali, daga tan 298.5 na morfin da danginsa da ake rarrabawa a shekara, tan 0.1 ne kawai ke isa ƙasashe mafi talauci. Annobar shan ƙwayoyin kashe raɗaɗi a Amurka, wadda tallar kamfanonin magani ta hura tun ƙarshen shekarun 1990, ta ƙara wa ministoci tsoro, ko da yake ruwan morfin mai tsarma da ake ba marar lafiya a gida bai zama hajar ƴan maye a Yuganda ba. Yankin Sahel ya san ɗaya fuskar wannan al'amari: tramadol na fasa-ƙwauri ya cika tashoshin mota da teburan masu shayi daga Agadez zuwa Kano, yana lalata samari, alhali morfin na halal, wanda ya fi shi amfani ga mai sankara, yana da wuyar samu a wajen manyan asibitoci. Hospice Africa ya buɗe horo da faransanci a Kampala domin ma'aikatan lafiya na ƙasashen da ke amfani da wannan harshe, kuma ƙungiyar jinyar sassauci ta Afirka, wadda aka kafa a 2004, a wannan birni take da mazauni.

Cicely Saunders ta rasu a ranar 14 ga Yuli 2005, da ciwon sankara, a ɗaya daga ɗakunan St Christopher. Anne Merriman ba ta koma Ingila ba. Ta rasu a gidanta na Kampala a watan Mayu na 2025, tana da shekara 90, a hannun ma'aikatan da ta horar.